Fairuz ɗin zobena ya koma kore, jabu aka sayar mana ko kambun baka ya tare?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya, tace maigidanta ya kawo mata tsarabar Umara, zoben azurfa da sarƙa masu dutse shuɗi kalar sararin samaniya, mai shagon yace masa sunan dutsen fairuz. Bayan wasu watanni dutsen zoben ya fara komawa kore, na sarƙar kuma yana nan yadda yake. Ƙawarta tace jabu ne, gwaggonta kuma tace a'a kambun baka dutsen ya tare mata shi yasa ya sauya. Tana son sanin asalin dutsen, wa ke da gaskiya cikin su biyun, kuma ya ake kula da shi.

Toh Hajiya, a matsayina na wanda sana'arsa kenan duwatsun ado da azurfa, bari in fara kwantar miki da hankali. Komawa kore a hankali a hankali ba alamar jabu bace, hasali ma ya fi kusa da alamar na gaske. Gilashi baya sauya kala, roba bata komawa kore dan an shafa mata mai, farin dutsen da ake rinawa kuma koɗewa yake yana yin fari-fari. Fairuz na asali wanda ba a cusa masa komai ba shine mai wannan halin, saboda dutse ne mai sha. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, kamar sabuwar tukunyar ƙasa, duk abin da ya taɓa shi mai maiƙo sai ya tsotse, kuma in ya shiga ya shiga kenan. Zobe yana hannu, hannun da kike shafa mai da shi, kike murza humra, kike cin tuwo da miyar manja, kike wanke-wanke. Sarƙa kuwa sai ranar biki, sau da yawa ma kan riga take kwanciya. Kinga dalilin da yasa ɗaya ya sauya ɗaya bai sauya ba, ba sai an je da nisa ba.

Shi dutsen haɗin jan ƙarfe ne da alminiyam da sinadarin fosfet, sannan akwai ruwa a cikin ginin jikinsa. Jan ƙarfen ke bashi shuɗin, in baƙin ƙarfe ya shiga haɗin sai ya karkata zuwa kore tun daga rami, dan haka akwai fairuz da Allah ya halitta kore tun asali, ba lalacewa yayi ba. A busassun wurare yake samuwa, inda ɗan ruwan sama ke tsiyaya ta cikin duwatsu masu jan ƙarfe tsawon dubban shekaru yana barin sinadarin a cikin tsagogi. Waɗannan jijiyoyi baƙaƙe ko ruwan ƙasa da kike gani a jikinsa ragowar uwar dutsen ne da ya fito daga cikinta. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda daiman ke kan 10, fairuz yana tsakanin 5 da 6 ne kawai. Aƙiƙ ɗin da alhazai suka fi sani yana wajen 7. Ki riƙe wannan lissafin, zamu dawo kansa in mun zo maganar ƙura.

Maganar asali kuma, Makka da Madina kasuwa ce kawai, kayan shigowa ake da su. Fairuz ɗin da yafi suna a duniyar Musulmi na Naisabur ne a yankin Khurasan na ƙasar Iran, eh wannan Naisabur ɗin dai, garin Imamu Muslim mai Sahihi. Ramukan suna kamar kilomita 50 daga garin kusa da wani ƙauye da ake kira Ma'adan, an fi shekara 2000 ana haƙa a wajen kuma har yau ba a daina ba. Daga nan ake kai shi Mashhad a yanka a goge a sayar. Malam Albiruni, wanda ya rayu a ƙarni na 11, yayi bayanin fairuz ɗin Naisabur a littafinsa na duwatsu masu daraja, kinga ba yau aka fara ba. Mutanen Iran sun fi son wanda yake shuɗi tas babu jijiya ko ɗaya, suna ce masa ajami, mai jijiyoyi kamar rassan itace kuma shajari, kuma farashin na farkon ya fi. A Isfahan akwai masu sana'ar manna ɓarɓashinsa a jikin kwanuka da butocin jan ƙarfe, aiki ne mai cin ido wlh, guntu-guntu ake jerawa da hantsaki.

Misirawan da ma sun bar tsohuwar shaida. Suna haƙo shi a yankin Sina'i, a Wadi Maghara da Serabit el-Khadim, har ɗakin bauta suka gina a can ma wata gunkiyarsu Hathor da suke wa kirari da uwargijiyar fairuz. A 1901 wani Bature mai tonon kayan tarihi, Flinders Petrie, ya samu awarwaro huɗu na gwal da fairuz da wasu duwatsu a kabarin sarki Djer a Abydos, sun kai shekara 5000. Fuskar gwal ɗin Tutankhamun da aka gano kabarinsa a 1922 ita ma akwai fairuz a cikin adonta. Abin da ke bani dariya shine su ɗin dai suna cikin waɗanda suka fara kwaikwayonsa, suna gasa garin yashi da jan ƙarfe su fitar da wani abu shuɗi mai sheƙi dan wanda bai da halin na gaske. Dan haka in kinga jabu a kasuwa yau, sana'ar ta girmi kakannin kakanninmu.

A can ɗaya ɓangaren duniya, mutanen Aztek na Meziko sun girmama shi matuƙa, akwai wani maciji mai kai biyu da suka sassaƙa da itace suka lulluɓe da gutsattsarin fairuz wajen 2000, yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A kudu maso yammacin Amurka kuma, jihohin Arizona, Nebada da New Mexico, 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna huda shi suna sarƙa, a kangon Chaco kaɗai an tono sama da guda 200,000. Amma wannan salon da ya cika intanet yanzu, babban dutse zaune cikin azurfa mai kauri, ba wani tsoho bane can can. Kabilar Nabaho sun koyi ƙira daga maƙeran Meziko a tsakiyar ƙarni na 19, sai wajen 1880 suka fara ɗora fairuz kan azurfa, kuma kuɗin azurfa suke narkawa, irin yadda maƙeran farin Agadas da Kano suka riƙa narka tsohuwar riyal ta Mariya Tereza. Kabilar Zuni su kuma ƙananan duwatsu siri-siri suke jerawa. Su a wajensu abin ba ado kaɗai bane, yana shiga addu'o'insu da bukukuwansu, kuma dukiya ce ta gida da ake jinginarwa in an shiga matsi. Jabun ya dame su har a 1990 Amurka tayi dokar da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba su suka yi ba. Su Amurkawa akasin Iraniyawa ne, jijiyar suke so, musamman mai kamar saƙar gizo. Akwai ramin Sleeping Beauty a Arizona mai fitar da shuɗi tas, an daina haƙar fairuz a cikinsa a 2012, tun daga nan kuɗinsa ya haura kuma kowane mai shago ya koma rantsuwa nasa daga can yake.

Sai Chaina, lardin Hubei, wanda a yau kaso mai yawa na abin da ke yawo a kasuwannin duniya daga can yake, akwai mai kyau sosai akwai na banza, kar ki ji ance Chaina ki ɗauka jabu ne kai tsaye. Mutanen Tibet suna saka shi a gashi da wuya tare da murjani, matan Ladakh a arewacin Indiya suna da wani abin ka mai layi-layin fairuz da uwa ke bar wa 'yarta. Mu nan Najeriya muna da safaya a Mambila, muna da tomalin da akwamarin, amma kasuwar duniya bata san mu da fairuz ba, a wajenmu kayan tsarabar alhazai ne da fatake.

Yanzu maganar gwaggo. Ba ita ta ƙirƙiro ba, tsohon zance ne da ya zaga duniya. Farisawa da Turkawa suna rataya shi a linzamin doki wai yana kare mahayi daga faɗuwa, Turawan da sun yarda yana dusashewa in mai shi ya kwanta ciwo, wasu suce yana tsagewa ya ɗauke masifar da ta nufo ka. Ni abin da na gani da idona a teburin aiki shine mai, zufa, sabulu da turare. Mutum ya kwanta ciwo yana zufa ana shafa masa magunguna, dole dutsen dake hannunsa ya sauya, sai mutanen da suka fassara shi da abin da suka sani. Ta fuskar addini abin da ya tabbata a Sahihu Muslim daga Anas shine zoben Annabi (SAW) na azurfa ne kuma dutsensa na Habasha ne. 'Yan Shi'a suna da ruwayoyinsu na falalar fairuz shi yasa zaki ga zobbansa da yawa a Mashhad da Najaf. Malamanmu kuwa kullum suna jan kunne kan jingina kariya ga dutse. Ki sa abinki dan ado, kariya ki nema wajen Allah da azkar ɗinki.

Ita ma ƙawarki bata yi laifi ba da tayi zargi, dan gaskiya kasuwar fairuz tana cikin kasuwannin da aka fi cuɗa gaskiya da ƙarya. Akwai na asali tsantsa wanda yanka da guga kawai aka masa, shine mafi ƙaranci kuma mafi tsada. Akwai na gaske amma mai laushi, 'yan kasuwa na ce masa alli, wanda in ba a taimake shi ba marmashewa zai yi wajen yanka, sai a cusa masa ruwan gam mai kama da roba da ƙarfin inji ya cike ƙofofin, ya yi tauri kalar ta fito. Tun wajen shekarun 1950 ake wannan a Arizona, kuma mafi yawan na gasken dake kasuwa irin shi ne. Ni bana kiransa jabu in dai mai shago ya faɗa, kai ga mace mai aikin gida kullum ma shi nake ba da shawara dan baya shan mai kamar tsantsan. Daga nan sai a fara gangarawa: wanda aka cusa wa gam haɗe da rini, wanda aka niƙa ɓarɓashi aka kwaɓa da roba aka yanka kamar sabulu, sai wanda babu fairuz ko ƙwayar zarra a cikinsa, wato farin dutsen haulayit ko magnesayit da aka tsoma a shuɗin rini, da gilashi, da roba zalla. Haulayit ɗin nan shine babban ɗan damfara dan Allah ya halicce shi da jijiyoyi masu toka-toka, yana shan rini sai ya fito sak. Akwai kuma na ɗakin gwaji da kamfanin Gilson na Faransa ya fara fitarwa a 1972.

Ga abin da zaki iya dubawa a gida, ki fara da sarƙar tunda duwatsunta hudaddu ne. Ki ja zaren gefe ki haska tocilan ɗin waya cikin hudar. In bakin ramin shuɗi ne amma can ciki fari fat, rinanne ne, magana ta ƙare. Ki duba jijiyoyin, a rinanne zaki ga shuɗin ya taru ya yi duhu a cikin tsagogi. Ki jera duwatsun ki kalla, in duk kalarsu ɗaya sak kuma zanen jijiyar yana maimaita kansa, inji ne ya yi. Roba bata da nauyi kuma bata da sanyin dutse in kin ɗora a kumatu, gilashi kuma wani lokaci zaki hango 'yan kumfa a ciki. Sannan ki ɗan jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ki murza a bayan dutse ɗaya inda ba a gani, in audugar ta ɗauko shuɗi to rini ne. Sau ɗaya kawai, a ɓoyayyen waje, dan ruwan yana iya dusar da sheƙin na gasken ma, kuma rashin fitar kala ba hujja bace ɗari bisa ɗari tunda wasu suna rufe rinin da wani abu. Gwajin allura mai zafi da ake yaɗawa a bidiyo, dan Allah ki bar shi, tabo yake bari har a na gaske. Farashi ma shaida ne, doguwar sarƙa mai manyan duwatsu shuɗi tas a kuɗin kwalbar turare, ba sai an kira masani ba. Tabbaci na ƙarshe sai ɗakin gwajin duwatsu mai ba da takarda, shi kuma sai kayan sun kai a kashe musu wannan kuɗin.

Wani abu da ake yawan rikitawa: in fatar yatsarki ce ke yin kore a ƙarƙashin zoben, wannan ba laifin dutse bane, ƙarfen ne yake da jan ƙarfe da yawa ko kuma ruwan azurfa kawai aka masa. Ki duba cikin zoben ko akwai hatimin 925, wato alamar azurfa ta gaske, duk da shi ma hatimin ana buga na ƙarya.

Toh kula da shi fa. Babban abokin gabarsa a gidajenmu turare ne, musamman namu na mai, humra, almiski, oud, miski mai kauri ɗin nan, dan su ba tashi suke ba kamar na fesawa, zama suke. Sai basilin, man kaɗanya, man gashi, man bilicin wanda shi yafi kowa ɓarna saboda sinadaransa. Ki gama wankanki da shafe-shafenki da turarenki tsaf, hannu ya bushe, sannan ki sa zobe da sarƙa, in kin dawo kuma su zaki fara cirewa. In zaki tsuguna kan kasko ki turara jiki da kaya, ki cire su tukun, hayaƙin turaren wuta yana da maiƙo kuma yana dusar da azurfa. Ranar ƙunshi kar ma ya kusanci hannunki har sai lallen ya bushe an wanke. Girki, yanka tumatir, matsa lemon tsami, wanki da Omo, balle Hypo, duk a cire. In a hannun dama kike sawa, ki cire kafin cin abinci ko ki maida shi hagu.

Alwala ita ce tambayar da kowa ke min. Ruwa tsarkakakke na ɗan lokaci ba shine ke kashe fairuz ba, sabulu da jiƙo su ne matsala. Amma sau biyar kullum shekara da shekaru yana taruwa, kuma akwai abin da mutane basu sani ba, yawancin zobban nan ba dutsen kaɗai ke cikin gidan ba, wasu da gam aka manna, wasu kuma maƙeri yana sa ɗan garin katako ko kwali a ƙarƙashi ya zama matashi, in ruwa ya shige ya kumbura sai ya turo dutsen ko ya tsaga shi. Na sha buɗe zobe in tarar da ƙarƙashin ya zama baƙin laka mai wari. Dan haka in da hali ki cire ki sa a aljihu ko ki ɗaure a bakin mayafi, kar dai ki ajiye a bakin famfon masallaci ko na gidan biki. In kin manta kin yi da shi, ki share da busasshen ƙyalle har gefe-gefen.

Wankinsa ba wani dogon aiki bane. Ƙyalle mai laushi, tsohuwar singileti mai tsabta ta isa, ki ɗan jiƙa da ruwa zalla ki share ki busar nan take. Amma kafin ki murza, ki hure ƙurar ko ki kaɗe ta da burushi mai taushi, musamman da hunturu. Ƙurar nan cike take da garin ƙanƙarar dutse irin na yashi wanda taurinsa 7 ne, ya fi fairuz, dan haka in kin murza da ƙura a kai, kankare shi kike da hannunki, a haka sheƙin ke tafiya ba ki sani ba. Saboda wannan lissafin dai kar ki zuba shi gwangwani ɗaya da aƙiƙ da sauran sarƙoƙi suna gogar juna, ki ɗinka masa 'yar jaka ko ki naɗe a ƙyalle shi kaɗai.

Azurfar kuma in tayi baƙi, nan ne mutane ke kashe dutsen da kyakkyawar niyya. Man goge baki, toka, lemon tsami, baking soda da ruwan zafi, ruwan wankin azurfa na kwalba da ake tsomawa, duk suna iya haskaka ƙarfe amma suna cin fairuz. Ki nemi ƙyallen goge azurfa a wajen masu gwal ki bi ƙarfen kawai kina kauce wa dutsen. In kin kai shago kar ki bari su jefa shi cikin injin wankin nan mai karkarwa ko su busa masa tururi. In kuma zoben za a rage ko a ƙara, ki tsaya kai da fata sai maƙeri ya cire dutsen kafin ya kunna wuta, dan ruwan nan dake cikin jikinsa zafi na korar shi, dutsen ya ƙone ya koma ruwan ƙasa ko ya fashe, kuma babu gyara. Ko barinsa gaban mota a ranar Afrilu ko kan taga inda rana ke duka kullum ba alheri bane. Kar kuma ki biye wa masu cewa a jiƙa shi a man zaitun ya ƙara kyau, zai yi duhu yayi sheƙi na ɗan lokaci, daga baya koren da kike gudu ne zai biyo.

Shi wanda ya riga ya koma kore, gaskiya ba ya dawowa da wanki, kar wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai dawo miki da shi. In man bai nutsa can ciki ba, mai yankan duwatsu zai iya kankare saman kaɗan ya sake gogewa shuɗin ya leƙo, amma dutsen zai ragu kuma ba kowane maƙeri ne ke da kayan wannan aikin ba, sai masu yankan dutse na ainihi. In ƙaramin dutse ne ni bazan taɓa shi ba, zan ci gaba da sa abuna a haka, mutanen Tibet ma koren da ya tsufa a jiki basa raina shi. Sarƙar da bata sauya ba ita zaki yi wa gwajin huda, dan ko dai rashin sawa ne ya kare ta, ko mai gam ce, ko kuma ita ce rinanniyar. Ki duba zarenta ma, in ya fara saki ko yayi baƙi ki kai a sake zurawa da ƙulli tsakanin kowane dutse. In Alhaji zai koma kuma, ya tambayi mai shago abu uku kafin ya ciro kuɗi: daga wace ƙasa dutsen yake, an cusa masa gam ko rini, kuma zai rubuta hakan a rasit?